Rumbu Na Uku

Shafi na 23

Masu aiko mini saƙo tun da asuba kuna cewa na bar ku tsaye a bakin ƙofa, to ku shigo ku zauna. Masu zagin Kaltume kuma, musamman ke da kika rubuto cewa da ke ce 'yarta da tuni kin daina gaishe ta, ki ɗan rage wuta ki karanta wannan tukuna.

*

Mani bai saba dawowa gida da hantsi ba. Shekara talatin yana bin wayar tangarahon Nasara daga Dogon Dutsi zuwa hanyar Ƙonni, yana hawa turaku yana ɗaure abin da iska ta tsinke, kuma kullum sai bayan la'asar Kaltume take jin sallamarsa. Shi ya sa da ta ji ƙarafan hawansa sun faɗi a zaure alhali rana ba ta ko take tsaka ba, taɓarya ta tsaya mata a sama.

Ya wuce ɗakin Shatu, autarsu, wadda ta zo gida haihuwar fari, yau kwananta ashirin da biyu da sauka. Ya same ta zaune a bakin gado tana ɗaure tufafin jariri cikin zane, idanunta jawur. Ya tambaye ta ina zuwa, ta sunkuyar da kai ta ce uwarta ta ce jibi za a zo daga Gesheme a mayar da ita ɗakin mijinta Mahamadu. Ya karɓi jaririn, wanda aka sa wa suna Idi, ya tofa masa addu'a, ya miƙa mata, ya fito tsakar gida.

"Kaltume."

"Maigida. Lahiya da hantsi haka?"

"Ita niz zo tambaya. Mahamadu ya aiko mutum hal gidan waya. Shina son shi ji laihin da sunka yi muna, da za a maido mishi mata ba ta yi arba'in ba."

Kaltume ta jingine taɓarya ta shiga jero dalilai, irin waɗanda mutum yake shiryawa tun kwana uku. Wai yarinya ta yi ƙarfi, wai a Gesheme ma akwai itace da ruwan zafi, wai uwar mijin mace ce mai kirki za ta ƙarasa mata wankan. Mani ya bar ta ta kai aya. Sannan ya waiga wajen turke ya tambaye ta ina jar akuyarta.

Akuya dai tun kasuwar Juma'a aka rabu da ita, kuɗinta ya tafi a kanwa da itacen wanka da ƙafafun saniya na mai jego, don kawai kada Kaltume ta buɗe baki ta ce wa mijinta a ƙaro.

Abin da ke ba ni haushi da matar nan ke nan, kuma shi ne ke sa ni tausayinta. Gidan Mani ba gidan rashi ba ne. Wata biyu ya rage ya ajiye aiki, an riga an sa sunansa cikin masu fansho. Yana da shanu takwas a hannun wani Bafillace a fadama, ga rumbu uku a bayan gida, ban da abin da yake zubawa a rumbun tsimin kumandan, Baturen mulki, kamar kowane magidanci. Mutanen unguwa idan suna yi wa 'ya'yansu faɗan tattali, da shi suke misali. Amma duk ranar da ya sauko da damin hatsi ya aje mata a gindin turmi, sai Kaltume ta ji kamar ta yi sata.

Kuma ba rowa gare ta ba, nan ne abin ya cakuɗe. Hannunta ba ya iya ganin baƙo ya wuce. Matafiyi, maƙwabciya mai sabon goyo, 'yan kwadagon hanya, kowa sai ya sha fura a gidan. Sai bayan sun tafi ta zauna tana zargin kanta, ta rama a cikinta. Kowa ya ci tuwo, ita ta jiƙa ƙanzo ta ce ai shi ta fi so. Shekara talatin tana wannan ƙaryar.

Waɗanda suka biyo mu tun farko sun san mafarin ciwon. A shekarar yunwar Kakalaba Kaltume tana da shekara tara a Ɗan Kassari, uwarta ta rasu, ita da ƙanenta Idi suna hannun ƙanwar uwar tasu, Inna Ma'u. Kunun dusa tsararo ake raba musu, ƙoƙo ɗaya a yini. Wata rana ta ɗauki nata ta fita bayan danga, ta tarar da wani yaro baƙo kwance a gindin gawo, ƙasusuwa kawai, ƙudaje na bin bakinsa. Ta miƙa masa. Ya shanye, ya ji muryar Inna Ma'u tana kwaɗa kira, ya tashi da gudu har da ƙoƙon. Ta sha duka a kan ƙoƙon nan, don na uwarta ne. Bayan kwana shida Idi ya mutu, kuma a gaban gawarsa Inna Ma'u ta dube ta ta ce da tana da abin bayarwa, ai ƙanenta ya fi kusa. Maganar nan ba ta taɓa fita daga kunnen Kaltume ba. Inna Ma'u kuwa tana nan da ranta, tsohuwa tukuf, a ɗakin da Mani ya gina mata da kansa a gefen zaure.

"Zauna," in ji Mani.

Ta zauna a bakin turmi. Shi ya tsuguna a gabanta, abin da bai taɓa yi ba.

"Gaya min gaskiya. Mi ɗiyarki ta yi miki?"

"Ba ta yi min komi ba."

"To mi ad dalili?"

Ta murza bakin zanenta. Da maganar ta fito kuwa, sai ta fito gaba ɗaya.

"Dami goma sha ɗaya ka sauko min da shi tun ranar suna. Ni ka ƙirgawa in kai ba ka ƙirgawa. Kunu sahe da marece, baƙi ba su yankewa, wuta ba ta mutuwa ƙarƙashin tukunyar wanka. Kai kuwa aiki ya ƙare maka, gwiwa ta hwara ciwo. Hatsin tsuhwanmu na nike ɗiba ina zuba ma mutane, Maigida. Kai kana tarawa da ƙarhin jikinka, ni ina watsarwa. Na taɓa watsar da abin da ba ni da iko da shi, na ga abin da yab biyo baya. Ba ni son in sake gani."

Ta faɗi haka ba kuka, kuma wannan ya fi kukan ciwo. Mani ya dube ta, ya dubi wuyanta da ya zama siriri, ya kau da kai. Ya tambaye ta rabonta da cin tuwo mai miya. Ta ce ba ta riƙe ba.

"Kin taɓa ganin cikin rumbuna?"

"Ni? Mace?"

"Ke dai ba ni amsa."

"Ka san ban taɓa ba."

Ku 'yan yanzu sai na yi muku bayani. A Arewa ta wancan zamani, rumbun maigida ba wurin mace ba ne. Shi ke hawa, shi ke buɗe jinka, shi ke sauko da dami, ita tata daga gindin turmi take farawa. Tsofaffi sun ce idan idon mace ya faɗa ciki, doguwa, aljanar da ke tsaron hatsi, takan yi fushi, albarka ta tashi. Masu salla da masu bori duk sun haɗu a kan wannan. Don haka mace za ta shekara arba'in tana ci daga rumbu ba ta san ko cike yake ko saura ƙasa ba. Mai sanyin zuciya sai ta kwana lafiya. Irin su Kaltume kuwa, kullum a ransu rumbun ya kusa ƙarewa.

Mani ya miƙe ya ɗauko tsani ya ce ta biyo shi. Ta bi shi tana roƙo ƙasa-ƙasa, tana cewa ya rufa mata asiri, idan mutane suka gani me za su ce, idan abin ya taɓa hatsin fa. Ya ce shi ya noma, shi ya ɗaure, idan akwai mai fushi ta zo ta same shi.

Ya wuce rumbu na farko ya ɗan buga cikinsa da tafin hannu. Ya wuce na biyu ya buga. Duk biyun suka amsa da nauyi.

"Waɗanga biyu su na na tsuhwanmu. Ko wace kaka ina hidda tsoho in zuba sabo, amma ban taɓa rage su ba. Ko yau anka ce babu hwansho, babu shanu, sun kai mu shekara huɗu ni da ke da Inna."

Ya jingina tsani a na uku, wanda ya fi su girma, ya hau ya ture jinkar gefe, ya sauko.

"Wanga kuwa naki na."

"Nau?"

"Naki. Shi nika hwara cikawa ko wace shekara, kahin in zuba ko zangarniya guda cikin waɗancan. Duk hurar da kinka dama ma baƙo, duk tuwon suna, duk abin da kinka aika gidan makoki, nan yah hito. Don hannunki anka gina shi. Hau ki gani ko kin cinye shi."

Kaltume ta ce ba za ta iya ba. Ya riƙe tsanin da hannu biyu ya tsaya yana jira, irin jiran mutumin da ya saba zama a kan turke rana tana dukansa. Da ta ga ba shi da niyyar motsawa, ta yi bisimilla, ta tattare zane, ta taka. A mataki na biyar ta kama bakin rumbun ta rufe ido, sai da ya ce ta buɗe sannan ta buɗe.

Ƙamshi ne ya fara dukanta, ƙamshin hatsi mai sanyi wanda ya kwana biyu a rufe. Sannan idonta ya saba da duhun. Dammuna ne jere a kan juna, kawuna ciki gindi waje, an shirya su da kyau har kusa da inda hannunta yake. Gurbin goma sha ɗayan da ta hana kanta barci a kansu yana nan a gefe guda, ɗan rami ne wanda ko yaro ba zai ɓuya a ciki ba.

Wallahi da ni ce da dariya zan yi. Ita hannu ta sa a baki. Abin da ta ji a lokacin sauƙi ne, irin wanda ke saukowa tun daga wuya har gwiwa, da kunya kuma, ta tuna akuyarta da ta tafi a banza da idanun Shatu. Ta ce alhamdulillahi a hankali, ta sake cewa. Ta juyo za ta yi wa mijinta godiya, sai idonta ya faɗa kan wani abu da ke rataye a jikin bangon daga ciki, dab da baki, a kan ɗan ƙaramin turke.

Ƙoƙo ne. Tsoho, ya yi baƙi don daɗewa. A gefensa akwai tsaga da aka ɗinke da jan zare, ɗinki bakwai, na ƙarshen ya karkace. A gindinsa zane uku na wuta.

Ta san wanda ya karkatar da ɗinkin nan. Tana zaune a cinyar uwarta aka yi shi, ita ce ta ja hannun uwar allura ta goce.

Ta miƙa hannu ta ciro shi. Ba ta san lokacin da ta sauko mataki biyu ba.

"Maigida."

Bai ɗago ba. Yana riƙe da tsanin, goshinsa a jingine da itacen.

"Ina kas samu wanga?"

"Gindin gawo. Bayan dangarku."

Kaza ta wuce ta ƙarƙashin rumbun da 'ya'yanta. Daga cikin gida ana jin Shatu tana lallashin jariri.

"Ni na, Kaltume," ya ce. "Daga wajen Lugu nit taso, kwana ukku ban sa komi ba bakina. Na kwanta nan don in mutu. Da nij ji kiran Inna tsoro yak kama ni, sai da niy yi nisa nig ga ƙoƙon na hannuna."

Sauran ya faɗa mata yana kallon ƙasa. Bayan shekara takwas, lokacin da Nasara suka kwashe su aikin dasa turakun waya, hanya ta bi da su ta Ɗan Kassari. Ya ɗauki ƙoƙon a cikin riga ya je mayarwa. A bakin rijiya ya yi tambaya, aka ce ai kowa ya san ta, yarinyar da ta ba baƙo kununta ƙanenta ya mutu. Sai ya mayar da ƙoƙon cikin riga. Ya koma ya yi shekara yana tara abin aure, ya dawo ya neme ta a matsayin wanda bai taɓa ganinta ba. Da suka kafa gida ya rasa inda zai ɓoye shi, sai ya tuna akwai wuri ɗaya a duniya da matarsa ba za ta taɓa leƙawa ba.

"Shekara talatin," in ji Kaltume. "Kana kallona ina cin ƙanzo."

"Ina kallo."

"Ba ka ce komi ba."

"Tsoro nike ji. Na ce ranar da kinka sani, in kin dube ni Idi za ki gani. Sai nic ce bari in cika rumbu, ko shi shi yi min magana. Ban yi tunanin ba ki ganin cikinai ba. Wautata ta kai nan. Yau da nig ga kayan Shatu ɗaure, na san shirun nau ya hwara cin ɗiyanmu."

Ta ji haushi, kada in ɓoye muku. Haushi ya taso mata, na dukan da ta sha, na yunwar da ta ɗora wa kanta a gidan da ke da rumbu uku. Ta dubi ƙeyar mutumin nan mai furfura, ta tuna shi ne ya je da jaki ya ɗauko Inna Ma'u da ta rasa mai riƙonta. Ta tuna shi ne ya roƙi Mahamadu, a gaban mutane, a sa wa jaririn nan suna Idi. Ta ɗauka duk kirki ne kawai irin nasa.

Ta sauko ta tsaya a ƙasa, ƙoƙon a ƙirjinta. Tambayar da ta fito daga bakinta ita kanta ba ta shirya ta ba.

"Ka ƙoshi ran nan?"

Mani ya ɗago. Idanunsa sun cika.

"Ban ƙoshi ba. Rabinai ruwa na. Amma ya tashe ni tsaye, ya kai ni Ƙonni, can wata mata tas sa ni ɗaukar itace tana ba ni tsaki. Duk abin da kika gani gidanga, daga cikin ƙoƙon ga yah hito."

Sai a nan kuka ya zo mata, da dariya a haɗe. Shekara talatin da tara tana ganin kunun nan ƙasa ya shige, ya tafi da ƙanenta. Ashe tashi ya yi ya yi tafiya, ya dawo ya yi mata ɗaki, ya ba ta 'ya'ya biyar, ya riƙe mata tsani. Wannan bai dawo da Idi ba, ta san haka, kuma ba ta yi wa kanta ƙaryar cewa ya dawo da shi ba. Amma karo na farko tun tana 'yar shekara tara ta dubi hannunta na dama ba ta ji ta tsane shi ba. Ta gode wa Allah da babbar murya, ta gode wa mijinta, shi kuwa ya ce ta bari, godiyar ba ta wannan gefen take ba.

Ta share fuska da bakin zane ta ɗaga murya ta kira Shatu. Yarinyar ta leƙo ta kan danga da jariri a kafaɗa, ta ga uwarta a gindin tsani, ta ga rumbu a buɗe, ta zaro ido.

"Kwance kayanki. Ba inda za ki sai kin cika arba'in, in kin so ki ƙara goma. Kuma ki aza tukunya, yau da ni za a ci tuwo."

Ta juya ta ce wa Mani ya sauko mata da dami biyu, ɗaya na gida, ɗaya a kai wa matar maƙeri da ta haihu shekaranjiya. Ya ce to, ya sa ƙafa a tsani yana murmushi.

A lokacin ne suka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan busasshiyar ƙasa.

Inna Ma'u ce ta zagayo bayan gida, a duƙe, tana tafe tana faɗa tun kafin ta iso. Wai maƙwabta sun hango mace a bakin rumbu, wace marar kunya ce za ta kore musu albarka ana zaune lafiya. Idonta ya yi rauni, sai da ta zo dab da su ta gane Kaltume. Ta buɗe baki za ta ci gaba, sai ta ga abin da ke hannunta.

Sandar ta faɗi.

Tsohuwa ta miƙo hannu biyu, Kaltume ta sa mata ƙoƙon a ciki. Ta shafa gindinsa, ta bi jan zaren da ɗan yatsa, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, har ta kai na bakwai ta tsaya.

"Na yayata na," ta ce. "Wanga niy yi miki duka a kai."

"Shi na, Inna. Ya komo gida."

Inna Ma'u ta ɗago a hankali. Ba Kaltume ta duba ba. Ta dubi rumbun da take ci daga cikinsa shekara goma, ta dubi tsanin, ta dubi mutumin da ke tsaye a kansa.

"Hannun wa kinka ishe shi?"

Mani ya sauko daga tsanin, ya cire hularsa, ya durƙusa a gabanta.